Daga Sakkwato zuwa Yamai ta Illela, da abin da na gani a boda

Bayan sallar asuba na shiga mota a tashar motocin Illela da ke Sakkwato zan je Yamai bikin 'yar kawuna. Da gangan na yi sammako don ba na son dare ya same ni a hanya, duk wanda ke bin Kware da Gwadabawa ya san halin da yankinmu yake ciki game da 'yan bindiga. Tafiyar kamar kilomita 85 ce, hantsi na yi muna Illela.

Mu Sakkwatawa mun ɗauki Ƙonni, garin Nijar da ke tsallaken boda daga Illela, kamar bayan gida, yare ɗaya, aure ɗaya, kasuwa ɗaya, shi ya sa da yawanmu ke zuwa boda hannu rabbana. To wallahi abu ya canza tun juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 da aka rufe iyakar har sai Maris 2024, ga shi kuma Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Ni dai fasfona na riƙe, jandarman ya buɗe shafi shafi yana dubana yana duba hoton, ya tambayi inda zan sauka da sunan mai masaukina, sannan ya ce ina katin rigakafin shawara, wato yalo kad ɗin nan.

Nan ne wani dattijo da muka taho tare ya shiga uku. Katinsa sabo fil ne, ashe wani ya sayar masa a tasha, ko allurar ba a yi masa ba. Ya juyo ya ce min "ɗana, mi za ni yi yanzu?" na ce Baba sai haƙuri, muka bar shi zaune a benci da ledar kayansa. Har yanzu abin na damuna, domin ko da ya wuce, katin bogi ba ya hana sauro mai kawo shawarar cizo. Allurar sau ɗaya ake yi ta ishe ka har tsawon rai, amma sai ta kwana 10 kafin katin ya fara aiki, don haka a je asibiti a yi ta gaske da wuri. Idan lokacin zafi ne a haɗa da ta sanƙarau.

Kuɗi kuma na canza a Illela. A kula da lissafinsu, dala sefa 5 ce, idan mai shayi ya ce dala ashirin sefa 100 yake nufi, jaka kuwa 1,000. A rarraba su aljihu biyu ko uku.

Daga Ƙonni zuwa Yamai ya haura kilomita 400, ta Dogon Dutsi da Dosso, shinge bayan shinge, kowanne a sauka a nuna takarda. Wani yaro ya ɗaga waya zai ɗauki sojoji hoto, direba ya daka masa tsawa "kai, aje wagga wayar!" kuma gaskiyarsa, wannan kaɗai ya isa a tsare mota gaba ɗaya. Ruwan gora mai murfi a rufe na riƙa sha, na tafi da ORS da maganin zazzabin cizon sauro da gidan saurona.

Gab da magariba muka shiga Yamai, layina na gida ya daɗe da ɗaukewa, sai wayar kwandasta na ara na kira kawu ya zo da babur ya ɗauke ni.