Midori da tsirkiyar da ta tsinke

Jiya da daddare na kalli wani tsohon bidiyo na Midori, mai kiɗan gogen Turawa 'yar Japan, kuma har yanzu abin bai bar raina ba.

A 1986 ne, a bikin kiɗa na Tanglewood a Amurka, tana 'yar shekara 14, Leonard Bernstein na jagorantar makaɗa. Ana tsakiyar kiɗa tsirkiyarta ta tsinke. Yarinyar nan ko gezau! Ta juya ta karɓi gogen babban makaɗin ƙungiyar, wanda ya fi nata girma, ta ci gaba. Can kuma tsirkiyar wannan ma ta tsinke, ta sake karɓar wani. Da aka gama, Bernstein da furfurarsa ya durƙusa a gabanta.

A Osaka aka haife ta a 1971, mahaifiyarta ce ta fara koya mata, ta kuma kawo ta New York a 1982. Ni dai uwar nan ta fi ba ni mamaki, wallahi. Barin gida saboda goge?

Daga baya, a 1992, Midori ta kafa gidauniyar koyar da kiɗa ga yaran makarantun New York.