Windows 11 a shagona: wadda ta hau da waɗanda na bari

Shagon buga takardu da fotokofi nake da shi kusa da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, nan Maraɗi. Ɗalibai suna yini suna soka mana kile, wato filas ɗin USB, a kwamfuta, kowa da irin bayros ɗin da ya kwaso. Shi ya sa da Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, maganar ta hana ni sakat.

Kwamfutocina duk na hannu ne. Na sa musu PC Health Check, manhajar da ke duba ko inji zai ɗauki Windows 11, ɗaya kawai ta tsallake. RAM giga 4 da wurin ajiya giga 64 da take nema ba su ne matsala ba. Windows 11 tana neman TPM 2.0, wato wani ɓangaren tsaro na cikin injin, kuma in firosesan Intel ne, na ƙarni na 8 ko sama. Ita ma wadda ta tsallake, TPM ɗinta a kashe yake cikin BIOS, wato saitin tushe na injin, sai da mai gyara ya kunna.

Ya dubi sauran ya ce, "Maigida, kawo in tura musu da ƙarfi, akwai dabara." Na san akwai, amma na ƙi. Kamfanin da kansa ya ce bai lamunce wa irin waɗannan injuna gyaran tsaro ba, ni kuwa tsaron nake nema, ba kwalliya ba.

Ban taɓa komai ba sai da ɗalibai suka gama kawo kundin kammala karatu. Na kwashe aikin mutane a faifai na waje, na cika batir saboda ɗaukewar wuta, sannan na saka. Wurin da na fi jin tsoro shi ne firinta, don ita ce cinikin. Ta yi shiru, takarda ko ɗaya ba ta ja ba, har sai da na sauko mata da sabon direba, wato manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta. Windows tana ba da kwana 10 na komawa tsohon tsari, cikinsu na gwada sikana, da harufan ƙ, ɗ, ɓ. Yarinyar da ke buga mana rubutu ta ce maɓallin farawa a tsakiya yana rikita mata hannu, muka maida shi hagu.

Tsofaffin na yi musu rajistar ƙarin gyaran tsaro na Windows 10. Kile ɗin baƙi kuwa yanzu sabuwar kaɗai ke karɓa, ina kuma tara kuɗin canza sauran ɗaya bayan ɗaya.