Dahab: Yadda Muka Yi Nutso a Bahar Maliya Ba Tare da Mota Ba

Tun kafin mu sayi tikitin jirgi ni da ƙanena muka yanke cewa ba za mu ɗauki hayar mota ba. Ni ba na son tuƙi a ƙasar da ban san halin direbobinta ba, shi kuma lasisinsa bai ƙetare iyaka ba. Ban da haka, duk wanda ya taɓa yini yana nutso da tukunyar iska a baya ya san irin kasalar da ke saukar wa mutum da la'asar, ba lokacin riƙe sitiyari ba ne. Wannan shawara guda ita ta zaɓar mana gari, ta zaɓar mana unguwa, ta kuma zaɓar mana otal.

Da farko ƙanena ya nace sai Bonaire, tsibirin nan na Karibiyan da ke arewa da gaɓar Benezuwela, wanda ya yi suna wajen nutso daga bakin gaɓa. Da na duba tsarinsu sai na ga duk a kan mota aka gina shi. Wuraren shiga ruwa suna jere a gefen titi, an yi wa kowanne alama da dutse mai fentin rawaya, kai kuma ka ɗauki hayar a-kori-kura, ka loda tukwanenka, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ba shi da mota sai dai ya tsaya ga ruwan ƙofar otal ɗinsa da abin da jirgin ruwa ya kai shi. Na ce masa ba zan ƙetare teku guda in je in zama ɗan kallo ba. A nan muka juya akala zuwa Dahab, a gaɓar gabashin Sina'i ta ƙasar Masar.

Abin da ya sa Dahab ta dace da marar mota yana cikin yanayin ƙasar kanta. Mashigin Aƙaba, reshen Bahar Maliya da garin ke bakinsa, tsaga ce a doron ƙasa, siririya mai zurfin gaske, a wani wurin ta haura mita 1,800. Saboda haka ba sai ka yi nisa cikin teku kafin ƙasa ta gangara ba. Murjani ya yi wa gaɓa zobe, ka taka 'yan taku daga tudu sai ga ka a bakin bangon da ya sulale ƙasa. Mafi yawan nutson garin da ƙafa ake shiga ruwa, ba daga jirgi ba.

Sai dai garin ba wuri guda ba ne, kuma a nan tallan otal ke yaudarar mutum. Kowane otal yana rubuta cewa a bakin teku yake, kuma ba ƙarya suke yi ba. A kudu, wajen Laguna, akwai manyan otal-otal masu faffaɗan rairayi mai laushi, hotunansu kuwa sai ka rantse ba a duniyar nan aka ɗauka ba. Amma ƙasan ruwan wurin yawanci yashi ne, kuma masu wasan tseren iska da filafili su suka fi cin moriyarsa. A tsakiyar gari, wajen Masbat da Mashraba, gaɓar tsakuwa ce da duwatsu, babu inda za ka shimfiɗa tawul ka yi birgima, amma murjanin yana nan daf da ƙafarka. Rairayi mai kyau da murjani mai kyau ba kasafai suke zama wuri ɗaya ba, kuma mai ɗaukar hoton talla rairayin yake nuna maka.

Don haka na bar kallon hotuna na koma rubuta wasiƙu. Tambayata ta farko ga kowane otal ita ce: cibiyar nutso a cikin harabarku take, ko kuwa "muna da alaƙa da wata cibiya"? Waɗannan amsoshi biyu sun yi hannun riga. Na biyun yana nufin kullum da safe ka tsaya a bakin ƙofa da jakar kayanka kana jiran motar da za ta biya wasu otal-otal uku kafin ta iso gare ka. Sai na tambayi inda ake ɗauraye kaya da inda suke kwana, domin jiƙaƙƙiyar rigar roba ba abin da za ka riƙa hawa bene da shi ba ne, kuma in ta kwana a ɗaki warinta ya ishe ka. Na tambayi wanda ke kai mu wuraren da ke nesa, da ko kuɗin motar yana cikin lissafi. Na nemi su tabbatar mini suna da lasisin CDWS, hukumar da ke kula da cibiyoyin nutso a Masar, da ko suna fita da tukunyar iskar oksijin ta gaggawa, da mutum nawa jagora ɗaya ke shiga ruwa da su. Wasu suka amsa a layi ɗaya da "babu matsala", na ajiye su gefe. Wanda muka zaɓa ya amsa kowace tambaya daki-daki, har ya ƙara da wadda ban yi ba: ya ce daga ɗakin kaya zuwa mashigar ruwa ta Lighthouse akwai ɗan taku, amma suna da amalanke da ke ɗaukar tukwane.

Wannan maganar amalanke ita ta saye ni, kuma mai karatun da bai taɓa nutso ba zai so ya san dalili. Tukunyar alminiyam mai lita 12 in an cika ta tana dosar kilo 17. Ga dalmar da ake ɗaurawa a ƙugu, wadda a Bahar Maliya sai an ƙara, domin gishirin ruwanta ya kai kusan kashi 40 cikin 1,000, alhali yawancin tekuna 35 ne, ruwa mai gishiri kuwa tura mutum sama yake yi. Ka haɗa da rigar iska da bututun numfashi, sai ka ga kana ɗauke da abin da ya kai rabin buhun siminti, cikin matsattsiyar baƙar riga, rana tana dukan ka. Mita 300 a taswira ba komai ba ne. A wannan hali kuwa kowane taku sai ka ƙirga shi.

Da dare muka sauka a filin jirgin Sharm al-Shaik. Direban da otal ya turo yana tsaye da kwali mai sunanmu, muka kama hanyar arewa cikin duwatsu, tafiyar awa ɗaya da wani abu, da shingayen jami'an tsaro inda ake leƙa fasfo a miƙo maka. Ban ga komai ba sai da gari ya waye, na fito tsakar gida na hango duwatsun Saudiyya a tsallaken ruwa, rana tana fitowa ta bayansu.

Otal ɗin ƙarami ne, ɗakuna sun kewaye fili, ɗakin kaya yana daga hannun dama da kwamin wanki guda biyu a ƙofarsa. Aka duba katunanmu na shaidar horon nutso da littafin da muke rubuta nutsonmu, muka cike takardar lafiya, kowa aka ba shi akwatin roba da lamba. Nutson farko na gwaji ne, kuma ba a ɗaga wa kowa ƙafa, ko da kuwa shekararsa ashirin yana yi.

Zuwa Lighthouse ta titin 'yan ƙafa ake bi, wanda ya bi gaɓa ya ratsa tsakanin shaguna da wuraren zama. Yaron cibiya yana gaba yana tura amalanke, tukwane suna ƙarar haɗuwa da juna, mu muna biye cikin rigunan roba da takalma masu kauri, mutane na zaune a kujerunsu ko kallonmu ba sa yi, sun saba. A bakin ruwa muka goya kaya, kowa ya duba na ɗan'uwansa: iska a buɗe take, allurar ma'aunin iska ta nuna 200, wato tukunya a cike take, dalma a ɗaure. Muka shiga a hankali kan tsakuwa har ruwa ya kai ƙirji, sannan muka sa takalman iyo masu faɗi, kowa yana dafe da kafaɗar wani. Jagora ya juya babban yatsa ƙasa. Cikin minti biyu hayaniyar titi ta ɓace, muna gangara kan yashi, sai ga curin murjani a hagu, dubban ƙananan kifaye ruwan lemo sun yi masa rumfa, duk suna fuskantar inda ruwa ke tahowa. Ƙarƙashin wani lungu kifin nan mai ƙayoyi masu dafi ya baje fukafukansa yana shawagi, bai damu da mu ba. Da allura ta doshi 50 muka tsaya a mita 5 na minti uku kamar yadda ƙa'ida ta ce, muka fito. Ban gama tsanewa ba na isa ɗakina.

Ranar da iska ta taso ita ta nuna mana amfanin unguwar da muka zaɓa. Iskar Dahab daga arewa take kaɗawa, kuma ba ta da wasa. Mun shirya zuwa Eel Garden, inda dogayen kifaye sirara ke tsirowa daga yashi suna rausaya, amma mashigar wurin sai an ratsa fakon murjani, igiyar ruwa kuwa tana ta dukansa.

"Yaya, ai da ƙafa za mu iya zuwa, ba nisa," in ji ƙanena.

Jagoranmu ya girgiza kai. "Zuwa ba wuya, Ustaz. Fitowa ce wuya. Yau ruwa zai maka ku da dutse."

Muka koma Lighthouse, wanda ƙusurwar ƙasa ta kare shi daga iskar, muka yi nutsonmu lafiya lau. A nan muka haɗu da wasu mata da miji da suka sauka a wani katafaren otal can wajen gari. Motar otal ɗinsu sau biyu take shigowa a rana, don haka nutson asuba ya wuce su, na dare ma haka, tsakanin nutso da nutso kuma sai zaman jira a jiƙe. Ɗakinsu ya ninka namu girma, na tabbata. Mu kuwa a daren nan muka sake shiga ruwa da tocila, muka ga dabbar ruwan nan mai hannuwa takwas ta fito farauta tana sauya launi a kan dutse.

Wuraren da ke nesa a-kori-kurar cibiya ke kai mu, Badawi ne ke tuƙa ta, tukwane a kwance a baya an tokare su da katako. Blue Hole na da 'yan kilomitoci arewa da gari, bayan an wuce wani wurin nutso da ake kira Canyon, inda kwalta ke ƙarewa hanya ta koma burji tsakanin dutse da teku. Rami ne zagayayye a cikin murjani, zurfinsa ya kai mita 100 ko fiye. A jikin dutsen da ke gefen hanya an manna allunan tunawa da waɗanda suka shiga ba su fito ba, kuma ta gabansu ake wucewa da kaya a baya. Abin da ya ci yawancinsu wata ƙofa ce da ke kimanin mita 55 a ƙasa, wadda ta ɓulle zuwa buɗaɗɗen teku. Iyakar nutson nishaɗi mita 40 ce, katin da muke riƙe da shi kuma 30 ya ba mu. A irin wancan zurfi iskar naitirojin tana bugar da mutum har ya kasa bambance sama da ƙasa. Mu ta Bells muka shiga, wata siririyar tsaga da ake sulalawa ta cikinta a fito a jikin bango, muka bi bangon yana hannun dama, shuɗin ruwa marar iyaka yana hagu, muka haura ta wani giɓi marar zurfi a saman murjanin muka faɗa cikin ramin ta sama. A ganina rashin mota a irin wannan wuri alheri ne. Ba ka zuwa sai da jagora, jagoran kuma idonsa na kan kwamfutar hannunka mai nuna zurfin da ka kai.

Daga Blue Hole mota ba ta da sauran amfani ko ga mai ita. Ras Abu Galum, wanda aka ayyana a matsayin yanki mai kariya a 1992, sai a kan raƙumi ko ƙaramin jirgi ko a ƙafa. Mun bi raƙuma, tukwane biyu-biyu rataye a gefensu, hanyar tana bin bakin ruwa.

Ba zan ce masaukinmu ba shi da aibu ba. Kiɗan titin 'yan ƙafa yana kaiwa tsakar dare, ruwan famfo da ɗan gishiri-gishiri, tagar ɗakinmu kuma bangon maƙwabta take kallo. Wanda ya zo da iyali masu son rairayi da wurin wasan yara, lissafinsa zai bambanta da namu, kuma ba laifi ya nemi tsaka-tsaki.

Ranar ƙarshe ba a nutso. Bayan an jera kwanaki ana shiga ruwa, ƙa'ida ita ce a jira aƙalla awa 18 kafin a hau jirgin sama, cibiyoyi da yawa ma 24 suke cewa, don naitirojin da ya taru a jiki ya fice. Ƙanena ya so mu cike gurbin da hawan Jabal Musa, jagora ya hana, ya ce dutsen ya kai mita 2,285, hawansa da hawan jirgi duk ɗaya ne a wurin jinin mai nutso. Wanda ke son zuwa can ya fara da shi kafin ya taɓa ruwa. Sai muka shanya kaya a igiyar ɗakin kaya, muka yini muna yawo da ƙafa daga Mashraba har Asala.

Yanzu muhawararmu a kan Marsa Alam take, can kudu a gaɓar Bahar Maliya, inda lissafin ya fi tsauri. Otal-otal ɗin wurin a warwatse suke cikin hamada, babu garin da za ka taka zuwa, don haka ruwan ƙofar otal shi ne kusan komai. Da yawansu ta doguwar gada ake isa bakin murjani, in iska ta taso a ɗaga jan tuta a rufe gadar, ka yini kana kallon teku daga nesa. Waɗanda ke cikin lungun teku irin na Abu Dabbab, inda kunkuru ke kiwo a ciyawar ƙasan ruwa, ana shiga daga rairayi ko da iska. Na riga na aika wasiƙun farko, kuma tambayar da na sa a sama ita ce ko otal ɗin a lungu yake ko a buɗaɗɗiyar gaɓa.