Robar da ke gudu daga rami, da yadda nake haɗa ƙofar kabad yanzu

Ranar Asabar da ta wuce muka haɗa ƙofofin kabad ɗin kicin guda 14, ni da yaran shago biyu, kuma ko ɗaya daga cikin 'yan robobin da ake sawa a ramin firem don su riƙe allon ƙofa ba mu tsinta a ƙasa ba. Duk kafintan da ya taɓa durƙusawa yana laluben 'yar ƙwallon roba cikin dusar katako, gam kuma yana bushewa a kan firem, ya san abin da ya sa na ji daɗin wannan rana.

Ƙofar da nake magana a kai ita ce mai firem da allo a tsakiya: katakon tsaye biyu, na kwance biyu, an sare dogon rami a gefensu na ciki, allon ya zauna a cikin ramin. Ba a shafa wa allon nan gam, ba a kuma buga masa ƙusa, domin katako yana shan danshi ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kuma ta faɗi yake wannan motsi, tsawonsa kusan ba ya canzawa. A nan Kano abin ya fi tsanani. A watan Agusta iska jiƙe take, zuwa Janairu kuwa hunturu ya busar da komai har leɓe na tsagewa. Na taɓa auna allon maɗaci mai faɗin inci 12 da damina, na sake auna shi da sanyi, na tarar ya ragu da wajen milimita 4. Idan ka ɗaure shi da gam, ba inda zai je, sai ya tsage. Idan ka sake shi haka kawai, da hunturu ya shigo sai ya riƙa kwaramniya duk sanda aka rufe ƙofa, ko ya zame gefe guda.

Na biyun ne ya same ni shekarun baya, a kan wadirof ɗin wata amarya. Da damina muka yi shi, bayan wata biyar mahaifinta ya kira ni. Bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, “Malam, zo ka ji yadda ƙofar nan take magana.” Na je, na ƙwanƙwasa allon da yatsa, yana rawa a cikin firem. Har yanzu abin yana damuna, don kayan ɗaki ne da uba ya daɗe yana tara kuɗinsu.

Maganin shi ne a sa 'yar roba mai laushi a ƙasan ramin, tsakanin bakin allo da firem. In allo ya kumbura sai ya matse ta, in ya tsuke sai ta miƙe ta bi shi, kullum yana zaune a tsakiya. A Amurka ana sayar da ita kamar ƙananan ƙwallaye, Space Balls suke kiranta, kaurinta ya ɗan ɗara inci 1/4 kaɗan don ta kama ramin da aka sare inci 1/4. Wani ɗan'uwa ya taɓa kawo mini ƙunshi ɗaya, a nan na fara ganin matsalar. Idan bakin injin ya ɗan faɗaɗa ramin, ko da rabin milimita ne, ƙwallon ba ya kamawa. Kana ɗaga katako zai gangara ya faɗo, ko kuma ya mirgina ya shige wajen haɗin kusurwa. Wannan ya fi muni, don za ka matsa kilam, wato abin matse katako, iya ƙarfinka haɗin ya ƙi rufewa, ba ka san roba ce ta tokare a ciki ba.

Abu na farko da na bari shi ne ƙwallo. Duk abin da yake zagayayye mirginawa zai yi. Yanzu ni nake yin tawa: in shimfiɗa leda, in matsa silikon irin na masu gilashi dogon layi mai kaurin fensir, in bar shi kwana biyu ya bushe har ciki, sannan in yanka gunduwa-gunduwa, tsawon rabin inci. Gunduwa kwanciya take yi, ba ta gangara. Sai dai ina yin wannan aiki nesa da inda muke fenti, kuma ina wanke hannu kafin in taɓa katako, domin ɗanyen silikon idan ya shafi katako banish ba ya kwanciya a wurin. Na gwada tsohon silifas, yana da sauƙin yanka kuma yana kama rami sosai, amma in ya daɗe a matse ba ya komawa yadda yake. Robar tayar mota kuwa ta yi tauri, sa ta kamar sa dutse ne.

Sai batun girma. Ramin da nake sarewa faɗinsa milimita 6 ne, zurfinsa 12. Robar ta ɗara faɗin ramin kaɗan, yadda sai an tura ta da ɗan tsinken katako za ta shiga. Gwajina ɗaya ne: in kife katakon, bakin rami yana kallon ƙasa, in buga bayansa da tafin hannu sau biyu. Wadda ta faɗo ba ta isa ba. Irin wannan ce kawai nake ɗiga wa gam, ɗigo ɗaya a ƙasan rami da bakin tsinke, ba a saman robar ba. Yaron da ya fi daɗewa a wurina ya taɓa tambaya ta, “Maigida, me zai hana mu shafa gam a ramin gaba ɗaya mu huta?” Na ɗauko masa wani tsagaggen allo da na ajiye a bayan shago, na ce ya duba gefensa ya ga busasshen gam.

Amma abin da ya gyara aikin nan na gaske ba gam ba ne, tsarin haɗawa ne. Da can muna kafa katakon tsaye ɗaya, mu sa na kwance biyu a jikinsa, sannan mu zura allon daga sama kamar ana rufe durowa. To allon nan yana zamewa a cikin ramin na kwancen, duk robar da ke kan hanyarsa sai ya share ta ya kai ta kusurwa. Na daɗe ina zargin roba, ashe hannunmu ne yake korar ta. Yanzu katakon tsaye ɗaya muke kwantarwa a kan benci, raminsa yana kallon sama, mu kafa na kwance ɗaya kawai. Sai a sa allon a kusurwar, a ɗan nesa da na kwancen, a saukar da shi, sannan a matsa shi ya shiga. Na kwance na biyu kuma a kifa shi a bakin allon tukuna, a saukar da hancinsa, wato bakinsa da ke shiga cikin na tsaye, a hankali, ana ɗan janye shi waje har ya kusa zama. Na tsaye na biyu ya zo daga sama ya rufe. Ta haka bakin allo danna roba yake yi, ba ya jan ta.

Ina sa biyu a kowane gefe idan ƙofar ƙarama ce, uku a gefen tsaye idan ta wadirof ce, kuma babu wadda take kusantar kusurwa ƙasa da inci 2. Ina yin alama da fensir a fuskar firem daidai inda kowace take, don kafin a rufe in leƙa in tabbata tana nan.

Lokacin aiki ma yana da nasa hukunci. Ƙofar da aka haɗa da hunturu, allonta a tsuke yake, kumburi ne a gabansa, don haka nakan bar masa sarari a kowane gefen tsaye, robar ta ɗan taɓa shi kawai. Ta damina kuwa nakan matse robar sosai, tunda ja da baya allon zai yi. Kuma ina shafa wa allo kala da banish kafin a haɗa, har bakinsa, in ba haka ba ranar da ya tsuke sai farin layi ya bayyana a gefensa. Idan allon filawud ne motsinsa kaɗan ne, amma duk da haka ina sa masa roba saboda kwaramniya.

Ƙofofin nan 14 suna jingine a bango yanzu suna jiran hinji. Na rubuta ranar da aka haɗa su a bayan ɗaya, kuma na gaya wa mai gidan zan leƙo a watan Janairu in ƙwanƙwasa su in ji.