Godiya ga Masu Karatu da Suka Faɗi Ra'ayinsu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mu da muka tace wannan littafi muka shirya shi don ɗab'i, tare da marubucinsa, muna miƙa godiya ga duk wanda ya karanta shi ya kuma rubuto abin da ya gani. Zaman tattaunawar da aka yi a kansa ya ƙare lafiya, saƙonni kuwa har yanzu shigowa suke yi. Littafin farko ne, marubucin ba shi da sunan da zai jawo masa jama'a, don haka duk wanda ya buɗe shi kyakkyawan zato ne ya sa shi. Iyayenmu, malamanmu, da ƙannenmu matasa waɗanda labarin ya fi shafa, Allah Ya saka muku da alheri. Wanda ya zauna ya bi littafi layi-layi ya cancanci ya ji abin da za a yi da maganarsa, shi ya sa wannan saƙo ya ɗan yi tsawo.

Mafi zafin muhawarar a kan yaron da littafin yake ba da labarinsa ne. Wasu iyaye sun ce kangararre ne: yana ƙarya, yana gudun aji, yana ɗaga wa mahaifiyarsa murya, kuma har littafin ya ƙare ba a ga ya durƙusa ya nemi gafara ba. Matasa da yawa kuma sun ce uwar ce mai tsanani. Ɓangarorin biyu sun karanta da kyau, sai dai akwai abu ɗaya a zubin labarin da ya kamata a riƙe. Yaron ne ke ba da labarin da bakinsa, ɗan shekara 16, kuma duk abin da mai karatu ya sani game da uwar ta idonsa ya biyo. Idan ya ce ta leƙo ɗakinsa da tsakar dare don ta kama shi da laifi, wannan fassararsa ce. Abin da ya faru shi ne ta leƙo, ta tsaya jim, ta gyara masa taga, ta fita. Marubucin ya bar wannan tazara da gangan tsakanin abin da aka yi da yadda yaron ya fahimce shi, kuma a nan ƙarfin littafin yake. Waɗanda suka sake karanta babukan farko suna ware aikin uwar daga sharhin ɗanta sun dawo da wata fahimta daban. Mun ji daɗin waɗannan saƙonni matuƙa.

Saboda haka ba za a sauya halin yaron ba, kuma ba za a ƙara babin tuba a ƙarshe ba, duk da cewa masu neman hakan da zuciya ɗaya suka nema. Wani dattijo ya tunatar da mu cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, muka ce gaskiya ne. Amma labarin watanni kaɗan kawai ya ɗauka daga rayuwar yaron, kuma a watanni kaɗan yaro mai irin wannan damuwa ba ya zama wani mutum sabo. Abin da zai iya yi shi ne ya buɗe baki ya faɗa wa mutum ɗaya gaskiya, kuma ya yi. Da an liƙa masa cikakkiyar shiriya a shafi biyar na ƙarshe, matasan da suka ga kansu a cikinsa ne za su fara ajiye littafin.

Ga masu tambayar ko marubucin shi ne yaron: ƙagaggen labari ne. Muna roƙon a daina yi masa wannan tambaya a gaban jama'a, a tambaye shi a kan rubutunsa.

Akwai babin da yaron ya kai maƙura har ya yi tunanin cutar da kansa. Wasu sun ce an taƙaita shi, suna so a bayyana abin da ya yi niyyar yi. An bar shi a rufe ne da sani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a 2019 ga masu shirya fina-finai da wasan kwaikwayo, inda ta ba da shawarar kada a nuna hanya ko kayan da mutum ya yi amfani da su, a nuna yadda ake neman taimako da yadda ake fita daga ƙunci. Dalilin shi ne cikakken bayani na iya zama darasi ga wanda dama yana bakin gaɓa. Mun ɗauki wannan ƙa'ida muka yi aiki da ita a rubutu. Hukumar ta kuma ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsala ta lafiyar ƙwaƙwalwa, wato a aji ɗaya ma za a iya samun fiye da ɗaya.

Ƙannenmu da kuka rubuto a asirce kuka ce labarin naku ne, mun karanta, kuma ba za mu wallafa saƙonninku ba. Mu ba likitoci ba ne. Idan baƙin ciki ya zauna maka ko ya zauna miki mako biyu ko fiye, abin da ke da daɗi a da ya daina daɗi, barci ya lalace, ana gudun mutane, to a faɗa wa wani babba da aka amince da shi, a je a ga likita. Idan tunanin cutar da kai ya zo, ba a jiran mako biyun, a ranar za a faɗa. Shawarar da ma'aikatan lafiya daga cikin masu karatu suka bayar ta a sa shafi guda a ƙarshen littafin mai ɗauke da wannan bayani ta karɓu, zai fito a bugu na gaba.

Malamai da ke son karanta shi da ɗalibai, ku fara karanta wancan babi na tunanin cutar da kai ku kaɗai. Kada a tsayar da ɗalibi ya karanta shi da ƙarfi, kada kuma a tambayi aji wa ya taɓa shiga irin wannan hali. A tsaya a kan yaron da ke cikin labarin: me ya gani, me ya kasa gani, wa ya kamata ya lura da shi. Mai son magana zai biyo ku bayan an tashi.

Sai masu kaifin ido da suka turo gyare-gyare. Gyaran da ya fi amfani shi ne wanda ya zo da lambar shafi, lambar layi daga sama, kalmar yadda ta fito, da yadda ya kamata ta kasance. Mai karantawa a waya da EPUB, wato fayil ɗin littafi na lantarki, ya ba da lambar babi da kalmomi huɗu ko biyar na farkon jimlar, domin a can lambar shafi tana sauyawa da girman rubutu. Waɗanda haruffa masu lanƙwasa suka fito musu a matsayin akwatuna, nau'in rubutun da ke wayar ne ba shi da su. A sabon fayil za a haɗa nau'in rubutun a cikinsa.

Wasu sun yi mamakin me ya sa ba za a ƙara sakin layi ɗaya ko biyu nan da can ba. A maɗaba'a ba shafi-shafi ake bugawa ba. Babbar takarda ake bugawa a naɗe ta ta zama shafi 16 ko 32, kowace fuska da farantinta na injin bugawa. Gyaran harafi ɗaya farantin da yake kai kawai zai shafa. Amma idan ƙarin ya tura layi zuwa shafi na gaba, sauran shafukan babin duk za su motsa, wani lokaci har ƙarshen littafin, yawan shafuka ya sauya, kaurin ƙashin bayan littafin ya sauya, a sake tsara bango. Shi ya sa ake ƙoƙarin kowane gyara ya zauna a cikin adadin layukan da ya tarar. Ƙananan gyare-gyare ba sa bukatar sabuwar lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya, sauyi mai yawa a cikin rubutu ne ke bukatarta.

Akwai suka guda biyu da muka ga suna da tushe, marubucin ma ya karɓe su: tsakiyar littafin ta yi jan ƙafa inda aka maimaita rigima iri ɗaya a babi biyu a jere, sannan ƙanwar yaron ta ɓace daga labarin ba tare da dalili ba. Waɗannan ba a gyara su da sauya kalma, kuma ba daidai ba ne a sake gina littafin da mutane suka riga suka karanta. Ya rubuta su ya ajiye don aikinsa na biyu. Irin wannan suka, mai nuna wuri da dalili, ita ce ke gina sabon marubuci, kuma masu ita sun faɗe ta cikin mutunci.

Masu rubuta sharhi a Facebook da sauran kafafe, don Allah a sa gargaɗi a sama kafin a taɓo ƙarshen labarin, saboda waɗanda ba su kai can ba. Ƙofar gyara a buɗe take har ranar da za a miƙa fayil ga maɗaba'a, kuma za mu sanar kafin a rufe.

Mun gode ƙwarai. Allah Ya bar zumunci, Ya shirya mana zuri'a.

Daga masu tace littafin da marubucinsa.