Tiranskirif ɗin da Ya Ci Mini Shekara Guda Kafin PGDE

Digirina na kimiyyar sinadarai ne, kuma ajin da na riƙe lokacin bautar ƙasa ya sa na zaɓi koyarwa. Amma iya darasi daban, takardar malanta daban. Hukumar rajistar malamai ta Najeriya, TRCN, wadda aka kafa a 1993, ba ta yi wa mai digirin da ba na fannin ilimi ba rajista sai ya haɗa da difiloma irin PGDE, wato difilomar koyarwa ta masu digiri, sannan ya ci jarrabawarta ta kwamfuta. Digiri na biyu a tsangayar ilimi ma, yawancin jami'o'i ba sa karɓar irina sai da wannan difiloma. Na biya kuɗin fom ɗin PGDE ta Remita, hanyar biyan kuɗi ta intanet, na cike komai a dare ɗaya, na ɗauka an gama.

Ashe tiranskirif, wato takardar makin duk kwasa-kwasan da na yi a jami'a, yana nan yana jirana. Sai bayan na miƙa fom na nemi tsohuwar jami'ata ta aika shi, a zatona aikin mako biyu ne. Ga yadda abin yake tafiya: ka biya kuɗi, ofishin ajiye bayanai ya nemi fayil ɗinka daga sashenku, a tattaro makin kowane zango tun daga aji ɗaya, a gwada shi da sakamakon da majalisar jami'a ta amince da shi, a buga, a sa hannu, sannan a aika kai tsaye zuwa makarantar da kake nema. Wanda ka ɗauko da hannunka, wato kwafin ɗalibi, galibi ba a karɓa. Idan maki ɗaya ya ɓace, fayil ya tsaya cik, kuma babu mai kiranka ya faɗa maka.

Nawa kwas ɗaya ne na aji biyu da na faɗi, na sake rubutawa a aji uku. Na ci, amma sabon makin bai shiga fayil ba. Mako 11 ina bugun waya ana ce mini "ana kan aiki". Ranar da na tafi da ƙafata, jami'in jarrabawa na sashe ya gano takardar makin kafin azahar. Kafin a aika, an rufe tantancewa, fom kuwa na shekararsa ne kawai. Kuɗi sun tafi, shekara ta bi su.

Don haka ka fara neman tiranskirif aƙalla wata uku kafin a soma sayar da fom. Kada ka fara da ofishin bayanai; fara da sashenku, ka roƙi a duba maka kwas bayan kwas, musamman waɗanda ka maimaita. Rubuta adireshin makarantar karatun gaba da digiri daidai yadda yake a tallar fom, don idan wasiƙa ta faɗa tsangaya, nemo ta wani aiki ne. Karɓi lambar aikawa, sannan ka je inda aka aika ka tabbatar an saka shi a fayil ɗinka. "An aika" ba "ya iso" ba ne.

Sauran takardun ba su wahalar da ni ba, amma sun kayar da wasu a gabana. Kiredit biyar na WAEC ko NECO, har da Turanci da lissafi, a zama ɗaya ko biyu. Takardar kammala bautar ƙasa ko ta shaidar an ɗauke maka ita. Sunanka ya zo iri ɗaya a ko'ina; in wata takarda ta ce Muhammad wata ta ce Mohammed, yi takardar rantsuwa a kotu tun da wuri. Masu tsaya maka kuma, wato waɗanda za su ba da shaida a kanka, ka sanar da su kafin ka rubuta sunayensu, malamin da ya duba aikinka na ƙarshe ya fi dacewa.

In kana aiki, duba NTI, cibiyar horar da malamai ta ƙasa mai hedikwata a Kaduna, tana da cibiyoyin karatu a jihohi. Ko ina ka zaɓa, tambayi lokacin koyarwar gwaji tun kafin ka biya, domin makonni ne cur a aji, malami na zuwa ya duba tsarin darasinka, kuma ba kowane maigida ke ba da wannan hutun ba.

A shekara ta biyu tiranskirif ɗina ya riga fom isa. Har yau in na ga rasidin fom ɗin farko sai raina ya ɓaci.