Ragon suna da akuyar da aka rufe da ganye

Asabar. Alhaji ya kira ni tun bayan sallar asuba, ya ce in taimaka in kai shi gonar dattijon nan da ke bayan Masonville, a jihar Colorado ta Amurka, domin sunan jaririyarsa ranar Alhamis ne, kuma har yanzu bai ga ragon da ya kwanta masa a rai ba. Auta tana jin an ambaci gona ta ce ƙafarta ƙafata. Maman yara ta jibga mata rigunan sanyi, ta ja mini kunne kada in bari ta ɓata takalmanta da kashin awaki.

Tafiyar ta yi daɗi. Mun bar Fort Collins rana ba ta gama ɗagawa ba, muka bi hanyar da ta kewaye madatsar ruwan Horsetooth, muka wuce filin ajiye motoci na masu hawan dutse, wanda tuni ya cika maƙil. Bareyi suna kiwo a gefen kwalta ba su ko ɗaga kai, Auta tana ƙirga su da ƙarfi, Alhaji kuma yana ba ni labarin yadda surukarsa ta kafe a kan sunan da za a sa wa yarinya.

Mun tarar da dattijo tsaye a ƙofar shinge, babu fara'ar da muka saba gani a fuskarsa. Bayan gaisuwa ya ce kafin mu duba raguna akwai abin da yake so mu gani, saboda ya lura mun zo da yarinya. Ya kai mu bayan rumfar awaki, inda ƙasa ta fara gangarawa zuwa wani ɗan kwari mai duhuwar itatuwa, ya nuna mana wata doguwar shaida a ƙasa ta abin da aka ja. A gefenta, inda laka ta yi laushi, akwai sawu guda ɗaya da ya fito sarai: faɗinsa ya kusa tafin hannuna, yatsu huɗu, babu alamar farce ko ɗaya, kuma dunduniyar ta rabu gida uku daga baya. Ya ce kare da dila duk inda suka taka sai faratansu sun bar shaida, amma zakin tsauni, wata babbar kyanwar daji da ke nahiyar Amurka, yana tafiya ne da faratansa a ɓoye.

Daga inda muke tsaye muna iya hango sauran. A gindin wata bishiya an tara busasshen ganye da ƙasa da ƙirare, ƙafafun akuya biyu na baya sun leƙo daga ƙarƙashi. Dattijo ya ce da sassafe ya je ya duba. Cizon a ƙeya yake, an buɗe cikin daga bayan haƙarƙari, an cinye zuciya da hanta da huhu, tumbin kuwa an fitar da shi an ajiye gefe ba a fasa ba, sannan aka rufe ragowar da kyau. Ya ce da diloli ne ko karnukan maƙwabta, da mun ga fata da hanji a warwatse ko'ina. Wannan aikin mai niyyar dawowa ne, zai riƙa zuwa dare bayan dare har naman ya ƙare.

Muna cikin wannan sai wani ɗan akuya ya ɓalle daga garke ya nufi gangaren, Auta kuwa ta kwasa da gudu ta bi shi tana ƙyalƙyala dariya. Tun da na san dattijon nan ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ko a kan dabbobinsa, amma yau ya daka mata tsawar da ta sa har Alhaji ya zabura. Ya ce, "Tsaya nan! Kada ki ƙara gudu." Ta tsaya cak. Ya taka zuwa wurinta da manyan taku, ya kama hannunta ya dawo da ita, kuma a duk tsawon wannan lokaci bai dubi yarinyar ba ko sau ɗaya, idonsa yana kan itatuwan kwarin. Wannan kallon nasa ne ya hana ni sukuni yinin yau.

Da ya miƙo mini hannunta ya ba ta haƙuri, ya ce ba faɗa yake yi mata ba. Ya bayyana mini cewa zakin da ya ɓoye nama ba ya yin nisa da shi, yakan kwanta a inuwa kusa yana gadi, kuma babu abin da ke tayar masa da sha'awar farauta kamar ƙaramin abu mai gudu da ya ba shi baya. Babban mutum da ya tsaya ya fuskance shi, ya buɗe rigarsa ya ƙara girma, ya yi magana da kakkausar murya yana ja da baya a hankali, galibi zakin ne zai kauce. Yaro kuwa ɗaukarsa ake yi, kuma a ɗauke shi ba tare da an durƙusa ba.

Alhaji, wanda ransa ya riga ya ɓaci, ya ce, "To kai da kake da bindiga a ɗaki, kuma ka san inda zai dawo yau da dare, me ya hana ka gama da shi?" Tambayar ba ta wauta ba ce. Dokar Colorado ta yarda mai dabbobi ya kashe zakin da ke yi masa ɓarna a garke, muddin ya sanar da hukumar kula da namun daji ta jiha, kuma hukumar tana biyan diyyar dabbar da aka tabbatar zaki ko beyar ne ya kashe. Dattijo ya ce ya riga ya kira su, jami'i zai zo ya duba mushen kafin yamma, amma harbi ba zai yi ba.

Dalilinsa shi ne ya san wannan dabbar. Kyamarar da ya ɗaure a jikin bishiya a bakin kwarin ta sha ɗaukar hotonta, mace ce babba, ta daɗe tana ratsa gonarsa da dare tana bin bareyi, kuma ba ta taɓa taɓa masa ko kaza ba sai jiya, da ya dawo daga asibiti a makare ya bar awaki uku a waje. Ya ce idan ya kashe ta, yankin ba zai zauna babu mai shi ba. Wani matashin namiji da uwarsa ta yaye, wanda bai gama ƙwarewa a kamun barewa ba kuma bai san tsoron karnukan gadi da wayar lantarki ba, shi ne zai gaje wurin, kuma irinsu ne suka fi faɗa wa garke da karnukan gida. Na san ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba, domin masu bincike a Jami'ar Jihar Washington sun ba da rahoton cewa inda aka tsananta farautar manyan zakunan, ƙorafin ɓarna a kan dabbobin gida ƙaruwa yake yi maimakon raguwa.

Jin haka sai na ɗauka yana cikin waɗanda suka goyi bayan haramta farautar zakin tsauni a ƙuri'ar da aka kaɗa a watan Nuwamban 2024, wadda ta sha kaye da kusan kashi 55 cikin 100. Na tambaye shi. Ya yi dariyarsa ta farko tun zuwanmu, ya ce ai shi a kan gaba yake wajen ƙin amincewa. Ya ce mutumin da ke zaune a bene a Denver, wanda zaki bai taɓa hana shi barci ba, ba shi ne zai yanke masa hukuncin abin da zai yi a bayan rumfarsa ba. Yana so ikon harbin ya kasance a hannunsa, shi kuma ya zaɓi ya ƙi amfani da shi. Alhaji ya dube ni ya ce da Hausa, "Malam, wannan tsohon ya fi ƙarfina."

Ni kuwa ban ga saɓani a maganarsa ba, ko da yake ban bi shi a kan komai ba. Hukumar jiha ta ƙiyasta cewa akwai zakunan tsauni tsakanin 3,800 zuwa 4,400 a Colorado, kuma mafarauta masu lasisi suna kashe kimanin 500 a shekara, yawanci da karnuka a lokacin hunturu. Dattijo bai damu da waɗannan alƙaluma ba. Abin da ya sani shi ne kulle rumfa kafin faɗuwar rana, ciyar da manyan fararen karnukansa biyu, sare ciyayin da suka yi duhu kusa da gida, da faɗa da sababbin maƙwabtansa da ke zuba wa bareyi hatsi a tsakar gida don su ɗauki hoto, abin da doka ta hana, domin duk inda barewa ta saba kwana mai cinta yana tafe. Inda na rabu da shi shi ne yadda ya amince da halin dabba guda ɗaya kamar ya san zuciyarta. Shekarun da ta yi ba ta taɓa garkensa ba sun ƙare jiya da dare, kuma shi da kansa, da ya ga yarinya ta nufi kwarin, bai tsaya dogaro da kyakkyawan halin nata ba.

Cinikin rago bai ɗauki lokaci ba. Alhaji ya zaɓi wani fari mai baƙin kai, dattijo ya rage masa kuɗi ba tare da an roƙa ba, aka yi alkawarin ɗauka ranar Laraba da yamma.

A hanyar dawowa motar ta yi tsit. Da muka sake wucewa ta gindin dutsen Horsetooth na tuna wa Alhaji abin da ya faru a kan wannan dutsen a watan Fabrairun 2019, lokacin da wani ɗan zaki da bai kai shekara ba ya afka wa wani mai gudun motsa jiki, suka yi ta kokawa har mutumin ya taka masa wuya ya shaƙe shi, sannan ya sauko da ƙafarsa jina-jina aka kai shi asibiti aka ɗinke masa fuska. Labarin ya zagaye duniya a matsayin jarumta. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ƙanƙantar dabbar, da kuma irin wahalar da ta ba ƙaƙƙarfan namiji duk da haka. Alhaji ya ce shi daga yau hawan dutse ya bar wa masu shi, zagayen unguwa ya ishe shi.

Na san lissafin da ake kwantar wa mutane hankali da shi, kuma gaskiya ne. Hare-haren da aka tabbatar a kan mutane a wannan jiha tun 1990 ba su kai 30 ba, alhali miliyoyin mutane suna bin waɗannan hanyoyi kowace shekara, kuma kwaltar da muka bi yau ta fi duk wani zaki haɗari. Amma idan mutum ya duba su wane ne a cikin 'yan kaɗan ɗin da suka rasa ransu, lissafin ba ya sanyaya zuciya kamar da. A 1991 ɗalibin sakandare ne mai shekara 18 da ya fita gudu shi kaɗai kusa da Idaho Springs. A 1997 yaro ne ɗan shekara 10 a gandun Rocky Mountain, wanda ya riga iyayensa yin gaba a kan hanya. Auta ma haka take, duk inda muka je sai ta tsere mana ta ɓuya a bayan dutse don ta ba mu tsoro.

Ita dai ba ta riƙe abin a rai ba. Muna isa gida ta ba mamanta labari da zumuɗi, har da kwaikwayon muryar dattijo, ta ƙara da cewa ta ga wutsiyar zakin, abin da bai faru ba. Maman yara ba ta yi dariya ba. Ta jira har yarinya ta shiga wanka, sannan ta ɗauko takardar da makaranta ta aiko tun ranar Talata, ta neman izinin tafiya da 'yan ajinsu yawon duba tsirrai a gindin tsauni mako mai zuwa, ta ajiye mini a kan tebur ta ce ita ba za ta sa hannu ba.

Mun daɗe muna magana bayan sallar isha'i. Na ce mata ayarin yara masu surutu da tsakar rana, tare da malamai, ba shi ne abin da zaki ke tunkara ba, domin da asuba da magariba da dare yake yawo, kuma hayaniya korarsa take yi. Na ce idan muka hana ta wannan, gobe sai mu hana ta wasa a bayan gida, tunda bareyin nan har kan ciyawar unguwarmu suke kwana. Ta ce duk ta ji, amma tana so ta san manya nawa za su bi yaran, wa zai kasance a gaba, wa zai kasance a ƙarshen layi, kuma ko an taɓa gaya wa yaran abin da za su yi idan suka ga dabbar. Ban ga abin musu a nan ba. Mun tsaya a kan cewa ranar Litinin zan kai Auta makaranta da kaina in yi wa malamarsu waɗannan tambayoyi, kuma idan suna neman iyayen da za su raka su, zan nemi hutun rabin yini a wurin aiki in bi su.